Faifan da Ɓarawo Ya Bari

Kwana tara aka ɗauka kafin a kama wanda ya cire faifan ajiya biyu daga cikin kwamfutar ɗakin gwajin kankare. Ya amsa cewa shi ya cire su. Matar da ake tuhuma da mutuwar mutum shida, wadda ta dogara da abin da ke cikin faya-fayan don ta wanke kanta, tana nan a tsare.

An gano satar ranar Litinin, ƙarfe takwas saura na safe. Mai wurin, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya buɗe ofis, shi kuma ya je caji ofis da ƙafarsa. Ɗakin gwajin yana bayan wani fili da ake buga bulo, ƙofar shiga filin ɗaya ce, da maigadi a bakinta. Aikin wurin ba shi da wuyar ganewa. 'Yan kwangila kan kawo dunƙulen kankare mai kusurwa huɗu, a jiƙa shi a tanki kwana ashirin da takwas, sannan a sa shi a inji a matsa har ya fashe. Injin ne ke aika lambar ƙarfinsa kai tsaye cikin kwamfuta. Daga wannan lamba ake cika takardar sakamako.

Mako uku kafin satar, matattakalar wani bene mai hawa uku ta rufta da safe. Mutum shida suka mutu, biyu daga cikinsu 'yan makaranta ne da jakunkunansu a baya. Ɗan kwangilar da ya yi ginin ya fito da takarda daga wannan ɗakin gwaji mai cewa kankaren ya kai ƙarfin da ake buƙata. Sa hannun mai gwajin ne a ƙasanta, mace mai shekara talatin da ɗaya da goyon wata bakwai. Ta gaya wa kotu cewa ita ta yi gwajin, kankaren bai kai ba, kuma haka ta rubuta; a duba kwamfuta. Kotu ta ce a kawo kwamfutar ranar Laraba. Ba wanda ya ga dalilin kulle kwamfutar kafin nan.

Sufeto da aka ba binciken mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ba ta da yawan magana. Ta zo da Saje guda. Ta tarar da gefen kwamfutar a buɗe, wayoyi biyu na reto a inda faya-fayan suke. Ba a taɓa allon kwamfutar ba, ba a taɓa injin buga takarda ba, cajar wayar wani tana nan a soket. An zare gilashi uku daga tagar baya. Bayan tagar lungu ne tsakaninta da katanga, an yi ruwa ranar Asabar, kuma taɓon lungun ba sawu ko ɗaya.

A kan wata kanta da ke jikin bango, daidai saman kwamfutar, akwai faifan ajiya na waje, baƙi, girman tafin hannu, da igiyarsa a naɗe. An manna masa farar takarda an rubuta AJIYA da manyan baƙaƙe.

Ƙanin Injiniya, wanda ke riƙe da ofis, ana kiransa Manaja, yana ganinsa ya yi ajiyar zuciya.

"Yaya, kwantar da hankalinka. Komai yana nan. Ɓarawon nan bai yi makaranta ba."

Aka jona faifan da ƙaramar kwamfutar Sufeto. Folda ɗari da huɗu suka fito, kowace da kwanan watanta, duk ranar Alhamis, shekara biyu cur ba fashi. A cikin kowace folda abu ɗaya ne, ɗan hoto mai kibiya a gefe. Duk wanda aka danna, sai kwamfuta ta ce ba ta ga abin da ake nema ba. Manaja ya karɓi linzamin kwamfutar ya danna da kansa har sau goma sha. Saje da maigadi da direban wurin duk sun sunkuyo a kan allon. Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa.

"Ka kashe yarinyar nan," ya ce wa ƙaninsa, a hankali.

Kafin ta tafi Sufeto ta leƙa ɗakin da inji da tanki suke. Ƙarƙashin benci ta ga mazubin ƙarfe biyu cike da ɗanyen kankare, an rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Ta tambaya, Injiniya ya ce ragowar aikin wani ne. Ta rubuta. Ofis kaɗai aka sa wa kwaɗo.

Maigadi dattijo ne, shekararsa sha ɗaya a ƙofar. Ya ce ranar Lahadi ba wanda ya shiga sai mai wurin, kuma wannan ba sabon abu ba ne, duk ranar hutu yakan zo ya ƙara wa tanki ruwa. Ya zo wajen ƙarfe tara, ya fita wajen sha ɗaya da rabi. Motarsa na gareji, a ƙafa ya zo, da riga mai gajeren hannu, ya fita ba komai a hannunsa sai makullai. Maigadi ya ce ya tabbata, domin sai da suka gaisa hannu da hannu. Injiniya ma ya riga ya faɗi haka a bayaninsa, ya ƙara da cewa lokacin da ya fita taga lafiya lau take.

Saje ya fi karkata ga mutanen ɗan kwangila. Sufeto ta ce ɗan kwangila na tsare, kuma takardar da ke hannunsa ta ishe shi. In ma ya aiko wani, da kwamfutar gaba ɗaya za a ɗauke, ba wanda zai tsaya kwance noti a ɗakin da bai sani ba. Sai Saje ya koma kan Manaja, ya ce mutum ba ya shekara biyu yana irin wannan shirme sai da gangan.

An zauna da Manaja awa biyu. Ya nuna yadda yake yi duk Alhamis: ya jona faifai, ya buɗe sabuwar folda, ya jawo hoton da ke fuskar kwamfuta mai suna Sakamako ya saki a ciki. Ya ce bai taɓa cirewa bai duba ba. Yakan danna, komai ya buɗe, lambobi reras. An ce ya riƙa kai faifan gida, ya yi haka wata biyu, ya gaji da ɗauka, ya bar shi a kanta. Da aka tambaye shi faifai nawa ne a cikin kwamfutar, ya ce ɗaya mana, kamar kowace.

Mai gyaran da ya haɗa kwamfutar yana da shago a layin masu sayar da waya. Likita ake ce masa. An same shi yana cin abinci a kan wata matacciyar kwamfuta, bai daina ba. Ranar Lahadi yana asibiti daga safe har la'asar, matarsa ta haihu, kuma sunansa na cikin littafin masu ba da jini. Saje ya je ya duba, haka ne.

Likita ya ce shekara biyu da suka wuce Injiniya ya kira shi ya tambaye shi wanne ya fi, faifan ajiya na ciki ko na waje. Ya gaya masa na ciki ya fi sauri, ba ya buƙatar kowa ya tuna da shi, kullum da yamma zai kwafi komai da kansa, amma duk abin da ya ci kwamfutar, wuta ko ruwa ko ɓarawo, tare zai ci su. Na waje kuwa yana tsira in an raba shi da kwamfutar an kai shi wani wuri, sai dai shi a hannun mutum yake, mutum kuwa yana mantuwa, yana gajiya. Injiniya ya ce a yi duka biyu. Ya kuma ce kada a gaya wa ma'aikata akwai na biyu a ciki, don in sun sani za su yi sakaci da na waje.

"To wa ya sani?" in ji Sufeto.

"Ni da shi, ranki ya daɗe. Sai wanda ya buɗe cikin."

Ta nuna masa foldojin. Ya ajiye cokali. Ya ce abin da Manaja ke jawowa ba folda ba ce, alama ce kawai mai nuna inda foldar take, kamar a kwafi lambar ɗaki a takarda a ce an kwashe kayan ɗakin. Muddin faifan na jone da kwamfutar ofis, in an danna alamar za ta kai mutum ga ainihin foldar, ya ga komai, ya ɗauka a faifan waje yake. Sai an kai shi wata kwamfuta ake gane ba komai. Ya ce sau ɗaya ya nuna wa Manaja yadda ake yi, a tsaye, yana sauri, bai kuma taɓa komawa ya duba ba.

"Shekara biyu bawan Allah yana kwasar inuwa," ya ce. "Ni ma da nawa laifin."

A mota Sufeto ta gaya wa Saje inda ta tsaya. Wanda ya zo don ya ɓatar da bayanai ya buɗe kwamfuta, ya cire har faifan da ba a sani ba, ya bar wanda ke gaban idonsa da AJIYA a goshinsa. Manaja ya yi imani a cike yake, da shi ne ɓarawon, faifan zai fara ɗauka. Likita ma haka, tunda bai taɓa dubawa ba. Wanda zai bar shi sai wanda ya san ba komai a ciki, kuma ba a sanin haka sai an taɓa jona shi a wani wuri.

Ta koma wurin Likita da faifan. Ya ce kowace kwamfuta da aka jona shi da ita takan bar masa ɗan tambarinta a wani ɓoyayyen wuri, da ranar da ta fara ganinsa. Ya buɗe a gabanta. Tambari uku ne kafin nasa: na kwamfutar ofis, na kwamfutar Sufeto, da wani na uku. Na ukun ya shiga washegarin ruftawar benen, ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma.

Ranar Juma'a Sufeto ta je gidan yari. Mai gwajin ta rame. Mahaifiyarta na zaune a benci a waje da jaririyar, ana ba su rabin awa da safe, rabin awa da yamma don shayarwa. Mai gwajin ta yi magana a natse. Ta ce Injiniya abokin mahaifinta ne, shi ya ɗauke ta aiki bayan rasuwarsa, Baba take ce masa. Lokacin da take da ciki tana yawan zuwa awo, sai ya ce ta riƙa sa hannu a takardun sakamako tun ba a cika su ba, don kada aikin mutane ya tsaya in ba ta nan. Ta sa wa guda talatin. Ba ta gaya wa kotu wannan ba, domin Injiniya ya zo ya gan ta a ranar farko da aka tsare ta ya ce ta yi shiru, kwamfuta za ta wanke ta ba sai an jawo wa wurin abin magana ba.

Sufeto ta tambaye ta aikin wa ke cikin mazubi biyu da ke ƙarƙashin benci.

"Wane mazubi?"

"Na ƙarfe. Da ɗanyen kankare a ciki."

"Ba ma zuba kankare a ɗakinmu, ranki ya daɗe. A wurin gini ake zubawa, a kawo mana ya riga ya daskare. Mazubanmu aro muke bayarwa." Ta ƙara da cewa, "Kuma an hana mu karɓar aiki tun ranar da abin ya faru."

Sufeto ta tambayi faɗin mazubin. Ta ce santimita sha biyar kowane gefe. A shagon Likita an auna faifan ciki irin waɗanda aka cire. Tsawonsa bai kai sha biyar ba da kaɗan.

Aka sake kiran Manaja ranar Litinin. Tambaya ɗaya aka yi masa: washegarin ruftawar benen, ina faifan waje ya kwana. Ya ce a kanta. Aka bar shi shi kaɗai da kofin ruwa minti arba'in. Da Sufeto ta dawo ya ce yana so ta sani cewa yayansa ne ya riƙe shi tun yana aji uku, shi ya yi masa aure, gidan da yake ciki ma nasa ne. Ta ce ta ji. Ya ce ranar da yamma ya duba kanta bai ga faifan ba, ya tambaya, Yaya ya ce shi ya ɗauka zai kai gida, saboda 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati sun cika wurin. Washegari ya dawo da shi, ya ce gara ya zauna inda aka saba.

"Ya ce maka wani abu a kansa?"

"Bai ce ba."

"Bai ce maka ba komai a ciki ba?"

Manaja ya ture kofin gefe.

"Mako uku muna ci a kwano ɗaya," ya ce. "Bai ce ba."

Ranar Talata da safe aka shiga gidan Injiniya da takardar kotu, aka ɗauki kwamfutarsa ta gida. Tambarinta ne na ukun. Daga can aka wuce ɗakin gwaji. Mazuban nan biyu an wanke su an shafa mai an jera tare da sauran. A tanki akwai dunƙule arba'in da uku, kowanne da lamba a jikinsa. Saje ya naɗe hannun riga ya riƙa tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a sikeli, yana ƙorafin cewa ba don wannan ya shiga aikin ɗan sanda ba. Kowanne ya haura kilo takwas da kaɗan. Biyu sun gaza sauran da kusan sulusin kilo.

Saje ya sa wa na farko guduma da cizal kafin a hana shi. A bugu na biyar cizal ya shige cikin murfin faifan. Na biyu sai aka kira magini ya yanka shi a hankali, ya ɗauki awa uku. Ba a naɗe ko ɗaya a leda ba. Tsirara aka tura su cikin kankaren, aka kuma jiƙa su a ruwa fiye da mako guda.

Injiniya yana zaune a ofishinsa duk tsawon lokacin. Mutum ne mai shekara sittin da biyu, da furfura, da biro uku a aljihun gaba. Sufeto ta zauna gabansa ta jera masa abin da take da shi, ba ta ɗaga murya ba. Shi kaɗai ne ya san da faifai na biyu a ciki kuma ya san na waje fanko ne. Ya kai faifan waje gidansa ne don ya ga abin da zai goge, ya tarar ba abin gogewa, ya dawo da shi. Ranar Lahadi ya bar shi a kanta domin yana da amfani a can: zai nuna wurin ya yi tanadi, laifi kuma ya faɗa kan ƙaninsa. Ya san maigadi zai ga hannunsa, shi ya sa bai fita da komai ba. Ya zare gilashin taga daga ciki, bai zagaya ya ga taɓon lungu ba. Siminti da yashi kuwa suna nan a filin masu bulo, taku ashirin daga ƙofarsa. Ranar Litinin da kowa ya sunkuya a kan allo, shi bai matso ba, domin ya riga ya ga abin da zai fito.

Ya saurara har ta gama. Ya ce faya-fayan shi ya cire su, ba zai ɓata mata lokaci ba. Amma ba don kansa ya yi ba.

"Na duba lambobin bayan abin ya faru. Yarinyar ce ta yi kuskure, ta haɗa dunƙulen wani gini da na wani. Ubanta amininna ne. Na ɓoye ne don in rufa mata asiri."

"Takardu talatin da ta sa wa hannu ba a cika ba fa?"

"Ban san wannan maganar ba."

"Ɗan kwangilar nan, kashi nawa na aikinku daga gare shi yake zuwa?"

"Ki tambayi Manaja."

"To, Injiniya. Faifan zai faɗa mana wanda ya yi kuskure."

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga.

"In ya karantu," ya ce.

An gurfanar da shi ranar Alhamis da laifin ɓatar da shaida da kai ƙarar ƙarya. Lauyansa ya ce laifi ne mai beli, aka ba shi. Ba a samu ko ɗaya daga takardun talatin ba, a ofis ko a gida. Ɗan kwangilar ya ce shi takarda aka ba shi a ambulan, bai san wanda ya cika ta ba. Manaja ya kwashe iyalinsa daga gidan yayansa. Bai je ya ga mai gwajin ba, amma ya aika wa mahaifiyarta madarar jarirai gwangwani biyu ta hannun direba, ta mayar.

Lauyan mai gwajin ya nemi beli a karo na uku, ya kawo maganar kamun Injiniya. Alƙali ya ce ɓoye faifai abu ɗaya ne, cika takarda abu ne daban, kuma abin da ke gabansa har yanzu sa hannunta ne da gawa shida. Ya ɗage zama zuwa sha tara ga wata.

An aika faya-fayan biyu ga wani kamfanin da ke ceto bayanai a babban birni. Wasiƙarsu ta zo da layi biyar. Wanda cizal ya huda ya mutu. Ɗayan danshi ya shiga cikinsa, ba su san iyakar ɓarnar ba sai sun buɗe, kuma sau ɗaya ake iya buɗe irinsa. Suna jiran kotu ta rubuto cewa ta yarda a buɗe. Har ranar da aka rubuta wannan, kotu ba ta rubuta ba.